Kafin a sayi babban had dis: abin da ba a rubuta a jikin kwalin ba

Minti ɗaya na bidiyon 4K a iPhone, idan aka saita kyamarar a kan firem 60, yana cin kusan 400MB. Wato wanda ya ɗauki awa ɗaya a wajen kamu ko dina ya tashi da 24GB. Google kuma 15GB kawai yake bayarwa kyauta, shi ma Gmail da Drive da Photos ne ke rabonsa, tun da kamfanin ya rufe ƙofar ajiye hotuna ba iyaka a ranar 1 ga Yunin 2021. Na Apple ya fi ƙanƙanta, 5GB ne. Ana iya biyan kuɗin wata-wata a ƙara wuri, amma kafin a loda 200GB zuwa intanet sai an tambayi kuɗin data, sannan a tambayi sabis. Wannan ne ya sa masu ɗaukar hoton biki, masu haɗa bidiyon TikTok, ɗalibai masu tara darussa, har da iyayen da ba sa son rasa hotunan 'ya'yansu, suke komawa ga rumbun ajiya na waje, wanda a kasuwa ake kira had dis ko estanal.

Sayensa ba wuya. Abin da ke da wuya shi ne mutum ya tabbatar abin da ya biya shi aka ba shi, domin wannan kaya ne da ba ya nuna aibinsa ranar da aka saya. Sai bayan wata shida, lokacin da aka riga aka goge asalin hotunan daga waya.

Iri biyu ne a kasuwa

Akwai ƙarami mai inci 2.5, wanda ke shiga aljihu kuma yake shan wutarsa daga kebul ɗin USB. Shekaru da dama girmansa ya tsaya a 5TB, sai a 2024 Western Digital ta fitar da mai 6TB. Akwai kuma babba mai inci 3.5 da ake girkewa a kan tebur, mai zuwa da adaftar wutarsa ta 12V. Duk wanda ke neman 8TB zuwa sama, wannan ne zai saya, kuma idan aka raba kuɗin da yawan terabait ɗin yawanci shi ya fi araha. Lissafin da ya kamata a yi ke nan a gaban mai shago: a raba farashi da adadin TB, a kwatanta. Sau da yawa za a ga mai 4TB bai kai ninkin kuɗin mai 2TB ba.

Sai dai arahar babban tana da sharaɗi a gidan da ake ɗauke wuta ba sallama. A cikin had dis akwai faya-fayai masu juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu da ke shawagi a samansu yana rubutu. Idan wuta ta yanke yana tsakiyar rubutu, fayil ɗin da ake kwafa zai iya lalacewa, wani lokaci har da jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake. Ƙaramin da ke jone da laftof bai san an ɗauke wuta ba, batirin laftof ɗin ne ke riƙe da shi. Babban kuwa da ƙiftawar wutar ya mutu. Don haka wanda ba shi da UPS ko inbata, kuma janareta ne abin dogaronsa, ƙanana biyu sun fi masa babba ɗaya ko da lissafin kuɗin bai nuna haka ba.

Zafi ma abin dubawa ne. Kamfanonin kan rubuta cewa a yi aiki da irin waɗannan na'urori tsakanin maki 5 zuwa 35 a ma'aunin Selshiyos, ɗakin kwano a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri kuwa ya wuce nan. Kwafa mai tsawo gara a bar ta sai dare, kuma kar a ɗora shi a kan katifa ko a lulluɓe shi da wani abu.

16TB a kuɗin filash

Kamfanoni uku ne kacal suka rage a duniya masu ƙera had dis mai faifai: Seagate, Western Digital da Toshiba. Seagate ta saye ɓangaren Samsung a 2011, Western Digital ta saye na Hitachi a 2012. Sauran sunayen da ake gani a jikin kwali, na kirki daga cikinsu, gida kawai suke yi su saka faifan ɗaya daga cikin ukun nan. Sanin wannan yana da amfani, saboda babu wani kamfani a ɓoye da ya gano dabarar yin terabait goma sha shida a kuɗin filash.

Amma ana tallarsa kullum. Wani ɗan siririn ƙarfe mai sheƙi, an rubuta SSD 16TB ko 30TB, a shafukan saye da sayarwa da tallan Facebook. Waɗanda suka fasa irinsa sun sha tarar da ɗan memori irin na waya an manne shi da gam a jikin wani ƙaramin allo. An sauya manhajar da ke cikin allon ne ta yadda idan kwamfuta ta tambaye shi girmansa zai ce 16TB, ita kuma kwamfuta ba ta aunawa, abin da aka faɗa mata take nunawa. Muguntar abin tana nan: idan ainihin girmansa 64GB ne, duk abin da aka zuba kafin a kai nan zai buɗe lafiya. Daga nan kuma kwafa za ta ci gaba ba tare da wani gargaɗi ba, sunayen fayilolin za su fito a jere har da girmansu, amma abin da ke cikinsu ko dai an zubar ko an rubuta shi a kan na baya. Gwajin da ake yi a shago, a tura waƙa biyu da fim ɗaya a ga sun buɗe, ba ya kama wannan ko kaɗan.

Abin da ke kama shi manhaja ce. ValiDrive, wadda Steve Gibson ya fitar a 2023, tana yin rubutu ta karanta a wurare daban-daban daga farkon rumbun zuwa ƙarshensa, cikin 'yan mintoci ta nuna inda babu komai. H2testw ta fi ta tsufa kuma ta fi cin lokaci, domin cika rumbun take yi tam sannan ta karanta kowane bait. Masu Linux da Mac suna da F3 mai yin aiki iri ɗaya. Duk kyauta ne. Wanda zai je Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Legas, ya tafi da laftof ɗinsa da ValiDrive a kai. Mai shagon da ya yarda da kayansa ba zai hana a gwada ba.

Kar kuma a haɗa wannan da wani abin da ke jawo faɗa a banza. Sabon 1TB zai nuna 931GB a Windows, 4TB zai nuna 3.63TB. Ba cuta ba ce. Kamfani yana ƙirga ne da dubu-dubu, Windows da 1,024.

Tsoho a sabon kwali

Wannan ya fi jabun wahalar ganewa, domin girman na gaskiya ne. Faifan da aka ciro daga tsohuwar laftof ko wata cibiyar ajiyar bayanai ake sakawa a sabon gida. Kowane had dis yana riƙe da tarihin lafiyarsa a wani tsari da ake kira SMART, kuma CrystalDiskInfo tana karanto shi. Layi biyu za a duba. Power On Hours shi ne awannin da ya yi a kunne: sabo bai kamata ya wuce 'yan awanni ba, shekara guda kuwa awa 8,760 ce, sai mutum ya yi lissafi. Reallocated Sectors Count shi ne adadin wuraren da suka lalace har aka kauce musu, kuma a sabon kaya sifiri ake so a gani. Idan manhajar ta nuna launin ɗorawa maimakon shuɗi, a ajiye shi a nemi wani.

Shi ma SMART ɗin ana iya goge shi. A farkon 2025 shafin heise na Jamus ya bankaɗo yadda aka riƙa sayar wa mutane had dis ɗin Seagate samfurin Exos a matsayin sababbi ta hannun dillalai, an mayar da awanninsu sifiri, alhali sun yi dubun-dubatar awanni suna aiki. Abin da ya tona asirin wani kundin tarihi ne na biyu mai suna FARM, wanda ake karantawa da smartmontools. Idan har hakan ta faru a Jamus, babu dalilin sakin jiki a ko'ina. Mataki mafi sauƙi ga wanda ba ya son shiga wannan zurfin: a ɗauki lambar siriyal, a shigar a shafin duba garanti na Seagate ko Western Digital, a kuma tabbatar lambar da ke jikin kwali ita ce manhajar ke nunawa. Sayen na hannu ba laifi ba ne idan an faɗa kuma an rage kuɗi, amma ba a ba shi amanar abin da babu kwafinsa.

Akwai kuma maganar gudu. Ƙaramin had dis yana kwafar kusan 120MB a daƙiƙa idan an jona shi a ramin USB 3, mai shuɗin ciki. A haka cika 4TB zai ɗauki sama da awa tara. A ramin USB 2 aikin ya wuce kwana guda. Galibin ƙananan masu girma kuma suna amfani da salon rubutu da ake kira SMR, inda layukan ke hawa kan juna kamar jerin kwanon rufi, shi ya sa za a ga ya fara da gudu sannan ya koma tafiyar hawainiya idan aka daɗe ana zuba masa. Ga ajiyar hotuna wannan ba matsala ba ce. Ga mai tace bidiyo kai tsaye daga rumbun, azaba ce, SSD ya dace da shi. Ita SSD ba ta da abin da ke juyawa, tana jure faɗuwa, amma ta fi tsada sosai a kowane terabait, kuma ba a so a jefa ta a durowa shekara da shekaru ba a jona ta da wuta ba, musamman a wuri mai zafi.

Idan waya ce kawai a hannu

Da yawa ba su da kwamfuta, da kebul ɗin OTG suke son aiki. Yana yiwuwa, amma abu biyu ke kawo cikas. Na farko wuta: wayoyi da dama ba sa iya ba had dis ƙarfin da zai tayar da faifansa, sai a ji yana ƙas-ƙas yana kasa tashi. Kar a yi ta maimaitawa. Maganin shi ne mahaɗar USB mai karɓar caja, ta ba rumbun wuta ita kuma wayar ta yi aikin kwafa. Na biyu tsarin fomatin. Da yawa suna zuwa da NTFS, wanda Windows ke so, amma Mac da iPhone karantawa kawai suke yi ba sa rubutu a kai, wayoyin Android kuma wata ta gane shi wata ta ƙi. FAT32 kowa na gane shi amma ba ya karɓar fayil da ya wuce 4GB. exFAT shi ne na tsakiya, kuma a yi fomatin ɗin tun rumbun yana fanko, domin yana share komai. Rauninsa shi ne bai da juriyar a fizge kebul ana tsakiyar aiki, don haka danna Eject kafin cirewa ba tsarabar masana ba ce.

Rumbu ɗaya ba madogara ba ne

Nan ne aka fi yin asara, kuma ba jabu ne ke jawo ta ba. Mutum ya sayi na gaske, ya kwashe komai daga waya da laftof ya zuba, ya goge na asalin don ya samu wuri. Abin da ya yi ƙaura ce kawai, har yanzu kwafi ɗaya gare shi, kuma yanzu yana cikin na'urar da faɗowa ɗaya daga kan tebur tana aiki za ta iya gamawa da ita. Girman rumbun ma ƙara girman asarar yake yi. Ceto bayanai daga faifan da ya lalace aiki ne na ƙwararru a ɗaki marar ƙura, kuɗinsa kan ninka na rumbun, kuma babu tabbas. Wasu samfuran, irin My Passport, ramin USB ɗinsu a like yake da allon faifan, don haka idan ya karye ba a iya ciro faifan a sa a wani gida kamar yadda ake yi wa wasu. Garanti kuma sabon rumbu yake bayarwa, fanko.

Ƙa'idar da mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani wurin daban. Ba kowa zai iya cika ta a kan komai ba, kuma ba komai ne ya cancanta ba. Fina-finai da waƙoƙi ana sake samun su. Hotunan mahaifiyar da ta rasu, takardun makaranta da na fili, bidiyon bikin da aka riga aka karɓi kuɗin aikinsa, su ne ba a sake samu, kuma idan aka ware su sau da yawa ba su da yawa. Su za a sa a rumbu biyu, a kai ɗaya gidan iyaye ko wajen aiki saboda gobara da ɓarayi, mafi muhimmancin cikinsu kuma a loda a 15GB ɗin nan na Google. Wanda kuɗinsa ya isa 8TB ɗaya, ya sayi 4TB biyu.

Na biyun kuma a cire shi daga kwamfuta da zarar an gama. Manhajar da ke kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa tana bin duk abin da ta tarar a jone. A Yunin 2021 masu amfani da My Book Live, wanda ake barinsa a jone da intanet, sun wayi gari an share musu komai daga nesa ta wata kafa a manhajarsa, wadda rabon da a sabunta ta tun 2015.

Ga wanda rumbunsa ke yawo a jaka, ko yake ba abokai aro su kwashi fim, kalmar sirri dole ce. BitLocker na Windows yana kulle rumbu gaba ɗaya, sai dai waya ba za ta iya buɗe shi kai tsaye ba, kuma idan aka manta kalmar aka kuma ɓatar da lambar ceto mai alƙaluma 48, babu mai gyaran da zai iya komai. A rubuta lambar a takarda, a ajiye ta inda ake ajiye takardun gida.