Yadda Za a Jawo Masu Zaɓen Ƙananan Jam'iyyu a Amurka

A zaɓen shugaban ƙasa na 2000, George Bush ya kayar da Al Gore a Florida da ƙuri'a 537 kacal, alhali Ralph Nader na jam'iyyar Green ya samu sama da 97,000 a jihar. Tunda a yawancin jihohi wanda ya zo na ɗaya ke kwashe dukkan wakilan jihar masu zaɓen shugaban ƙasa, ƙuri'ar ƙaramar jam'iyya kan amfani wanda mai ita ya fi ƙi. Masu cewa manyan jam'iyyun biyu jirgi ɗaya ya kwaso su suna da hujjarsu, kuma zargi ba zai sauya musu ra'ayi ba. Sai babban ɗan takara ya rungumi buƙatunsu, kamar kare muhalli, ya kuma goyi bayan tsarin jera 'yan takara bisa fifiko, irin na jihar Maine.