Attajiri Da Mai Mulkin Kama-Karya

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. Wannan karin magana shi ne ya fi dacewa da labarin manyan attajirai masu masana'antu da irin mulkin nan da Turawa ke kira Fasist, watau mulkin mutum ɗaya da jam'iyya ɗaya, inda babu mai ikon ya ce a'a. Muna so akawuna da malaman makaranta su duba labarin nan da kyau, domin wutarsa ta taɓa isowa har bakin iyakarmu.

Bari mu fara da Jamus. Ran 20 ga Fabrairu 1933, bayan Hitila ya hau mulki da mako uku, aka tara masu manyan masana'antu a Balin, cikinsu har da Gustav Krupp mai ƙera ƙarfe da makamai, da wakilan kamfanin IG Farben mai harhaɗa magunguna. Suka tara masa kuɗin zaɓe fiye da mak miliyan 2. Shi kuwa bai daɗe ba ya biya su, gama ran 2 ga Mayu aka rufe ƙungiyoyin ma'aikata duka, aka kama shugabanninsu. Yajin aiki ya ƙare, odar makamai ta yi ta zuwa, riba ta hauhawa.

To, amma askin yana nan tafe. Kamfani dai na mai shi ne a takarda, amma gwamnati ke faɗin abin da za a ƙera da farashin da za a sayar. Hugo Junkers mai ƙera jiragen sama ya ƙi ba da kai, aka ƙwace masana'antarsa. Cikin 1937 masu ƙarfe suka yi nawa wajen narka tamar ƙasarsu, don babu riba cikinta, sai Göring ya kafa kamfanin gwamnati a gabansu. Fritz Thyssen, wanda ya daɗe yana ba jam'iyyar Hitila kuɗi, ya gudu cikin 1939, aka ƙwace dukiyarsa, daga bisani aka kamo shi aka tsare. Waɗanda suka bi kuwa aka ba su fursunoni su yi musu aiki kamar bayi. Kamfanin IG Farben ya gina masana'anta kusa da sansanin Auschwitz, inda dubban mutane suka halaka. Bayan yaƙi, cikin 1948, aka yanke wa Alfried Krupp ɗaurin shekara 12, ko da yake an sake shi cikin 1951.

Kada mai karatu ya ce wannan labarin nesa ne. Fagge tun asali zango ce ta fatake da ayarin raƙuma masu zuwa daga Damagaram da Agadas, kuma duk wanda ya san unguwannin nan, daga Kwaciri har Sabon Gari, ya san ciniki da arewa shi ne abincin mutane da yawa. Cikin Yuni 1940 Faransa ta faɗi hannun Jamus, aka kafa gwamnatin Vichy ƙarƙashin Pétain, mai kwaikwayon tsarin Fasist. Gwamna Boisson na Dakar ya bi ta, don haka Maraɗi da Damagaram suka shiga hannunta har Nuwamba 1942. Cikin Disamba 1940 aka yi doka wadda ta tilasta wa kamfanonin ƙasashen mallaka su shiga ƙungiyoyin da gwamnati ke naɗa wa shugabanni. Manyan kantuna suka sami wurin zama kusa da hukuma, talaka ya sami ƙarin aikin tilas, ƙaramin falke kuwa aka rufe masa iyaka, sai dai fasa-ƙwauri.

Gaskiya kuma ta wajaba mu faɗi abin da ya faru a namu ɓangaren. Gwamnatin Ingilishi ba ta Fasist ba ce, amma yaƙi ya sa ta ɗauki wasu halaye masu kama da nata. Cikin 1942 ta kafa hukumar sayen amfanin gona, ta yanka farashin gyaɗa, ta raba sayenta ga manyan kamfanoni gwargwadon cinikinsu na dā. Har wa yau, daga 1942 zuwa 1944, aka ɗebi dubban talakawa daga lardunan Arewa ta hannun En'e, aka kai su haƙar kuza a Jos, a ramukan kamfanoni masu zaman kansu. Da yawa sanyi da ciwo da ƙarancin abinci suka kashe su.

To, ina bambancin? Bambancin shi ne akwai inda za a kai kuka. An ta da maganar kuza a Majalisar Ingila, aka daina ɗiban mutane cikin 1944. Cikin 1945 ma'aikatan reluwe da na gidan waya suka yi yajin aiki fiye da kwana 40, daga baya aka ƙara musu kuɗi. A Jamus ta Hitila, mai yin haka sansani za a kai shi.

Saboda haka muna jan kunnen attajiranmu: hukumar da ta iya rufe bakin lebura dominka, ranar da ta ga dama za ta rufe naka. Ku kuma akawuna, ku tuna kowane sunan da aka ɗiba, alƙalamin wani ne ya rubuta shi. Malamai su koya wa yara tarihin nan tun suna aji, gama in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.