2.4 Yadda Ƙwayoyin CD4 Ke Mutuwa a Jikin Mai Ɗauke da HIV

An daɗe ana zaton HIV na kashe ƙwayoyin garkuwar jiki na CD4 ne bayan ta hayayyafa a cikinsu. Binciken Cibiyar Gladstone ta Amurka, wanda aka buga a 2014, ya gyara wannan fahimta. Kimanin kashi 95 cikin ɗari na waɗanda ke mutuwa a gaɓoɓi irin su saifa, cutar ta shige su ne amma ta kasa kammala kwafar kanta. Guntayen DNA da ta bari su furotin IFI16 ke ganowa, sai ya tayar da kasfes-1, ƙwayar ta fashe. Fashewar kan haddasa kumburi, kumburin kuma ya janyo wasu CD4, su ma su halaka. Idan adadinsu ya gaza 200 a mikrolita ɗaya na jini, ƙanjamau ya tabbata ke nan.