Abin da Masu Cutar Anoreksiya Ke Faɗi Game da Maganin Zantawa

Anoreksiya nabosa cuta ce ta ƙwaƙwalwa wadda ke sa mutum ya riƙa tauye wa kansa abinci da gangan har ya rame matuƙa, alhali zuciyarsa cike take da fargabar ƙara nauyi, kuma idan ya dubi madubi ba ya ganin ramar da kowa ke gani a jikinsa. Wani likitan Ingila, Sir William Gull, shi ne ya raɗa mata wannan suna a 1873, shekarar da Charles Lasègue ya bayyana irin alamominta a Faransa. Ta fi kama 'yan mata a shekarun balaga, ko da yake maza ma suna kamuwa, kuma tana sahun gaba cikin cututtukan ƙwaƙwalwa masu kisa, domin bayan waɗanda zuciyarsu ke gazawa saboda yunwa, kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka mutu da ita su ne suka kashe kansu. Har yau babu ƙwayar da aka tabbatar tana warkar da ita, saboda haka dogaron likitoci yana kan abu biyu da ake haɗawa, wato mayar da jiki ga abinci da kuma maganin zantawa, wanda ke nufin zama da ƙwararren masanin halayyar ɗan'adam mako bayan mako don warware tunani da ɗabi'un da ke riƙe da cutar.

Babban abin da ya bambanta wannan jinya da sauran shi ne mai ciwon ba ta cika zuwa da zuciya ɗaya ba. A 1999 Lucy Serpell da Janet Treasure da abokan aikinsu a Landan sun wallafa nazarin wasiƙun da suka sa majinyata suka rubuta wa cutar, kowace majinyaciya wasiƙa biyu, ɗaya a matsayin ƙawa, ɗaya a matsayin abokiyar gaba. A wasiƙun ƙawance majinyatan sun gode wa cutar saboda tana ba su kariya, tana sa su ji cewa akwai abu guda a duniya da ke hannunsu, tana dusashe baƙin cikin da ba su iya ɗauka, tana kuma sa su ji sun fita daban da sauran mutane. A wasiƙun gaba kuwa sun zarge ta da cinye musu lafiya da shekaru da abokai, da mamaye tunaninsu har babu sararin wani abu sai lissafin abinci. Duka biyun gaskiya ne a wurin mai rubutun, kuma wannan ya bayyana dalilin da ya sa nasihar dangi ta cewa a daure a ci abinci ba ta kai ko'ina: wadda ake wa nasihar tana jin ana neman raba ta da mafakarta ne ba tare da an nuna mata wata ba.

Majinyata da dama suna kwatanta cutar da wata murya a cikin kai, mai zagi da ba da umarni, wadda ke ƙara ƙarfi daidai lokacin da aka ajiye kwano a gabansu. Ƙwararru sukan yi amfani da wannan, su koya wa majinyaciya ta raba kanta da cutar, ta riƙa tambayar ko ita ce ke son wani abu ko muryar ce. Wasu sun ce wannan dabara ta sauke musu nauyin kunya da zargin kai. Wasu kuma sun koka cewa a hannun ma'aikacin da ba ya saurare dabarar takan zama hanyar rufe musu baki, ta yadda duk ƙorafin da suka yi, ko da mai tushe ne, sai a ce ai cutar ce ke magana.

Ƙorafin da ya fi yawa a bakinsu shi ne na sikeli. A yawancin asibitoci akan fara zaman mako da awon nauyi, a sa majinyaciya ta cire takalmi da rigar sanyi ta hau, a rubuta lambar a jadawali, kuma akwai masu kwana ba barci saboda zullumin wannan minti ɗaya, har wasu su ɗura wa kansu ruwa kafin su shigo don lambar ta haura. Idan nauyi ya ƙaru sai ma'aikata su yi murna a daidai ranar da majinyaciyar ke cikin mafi munin hali, kuma yabon da ake yi mata da kyakkyawar niyya, cewa ta murmure, yakan shiga kunnenta a matsayin an ce ta yi ƙiba. Wasu a Birtaniya sun ba da labarin an sallame su tun daga ƙofa saboda ramarsu ba ta kai ma'aunin karɓa ba, abin da suka fassara da cewa sai sun ƙara ramewa kafin su cancanci taimako. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta faɗa a jagoranta na 2017 cewa kada a dogara da awon nauyi bisa tsawo shi kaɗai wajen yanke hukuncin wanda za a yi wa magani.

Duk da haka, likitocin da ke nacewa a kan abinci suna da hujja mai ƙarfi. Tsakanin 1944 da 1945 Ancel Keys ya gudanar da wani gwaji a Jami'ar Minesota ta Amurka, inda aka rage wa maza 36 masu ƙoshin lafiya kusan rabin abincinsu na tsawon wata shida, har suka zubar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Mutanen sun koma ba su da zance sai na abinci, wasu suna tara littattafan girki, suna jan cin ɗan rabonsu na tsawon lokaci, ga saurin fushi da ƙauracewa jama'a. Wannan ya nuna cewa yawancin abin da ake ɗauka halin mai anoreksiya ne aikin yunwa ne a kan ƙwaƙwalwa, kuma ƙwaƙwalwar da ke cikin yunwa ba ta iya cin gajiyar zantawa yadda ya kamata. Waɗanda suka warke da yawa sun yarda daga baya cewa matsa musu da aka yi ya ceci ransu, ko da yake sun tsane shi a lokacin. Abin da ba su yafe ba shi ne matsawar da aka yi babu bayani, babu tambayar yadda suke ji.

Ga yara da matasa, hanyar da ta fi samun goyon bayan bincike ita ce maganin iyali da aka ƙirƙiro a Asibitin Maudsley na Landan, wanda gwajinsa na farko ya fito a 1987. Ba a ɗora wa iyaye laifin cutar, ana ɗaukar su a matsayin manyan mataimaka, kuma a matakin farko su ke karɓar ragamar abincin 'yarsu gaba ɗaya, su zauna da ita har ta cinye, kafin a riƙa mayar mata da ikon a hankali. Matasan sukan tuna watannin farko a matsayin lokacin kuka da faɗa a kan kowace loma, sannan daga baya su ce ganin iyayensu sun tsaya kai da fata ya tabbatar musu ba a gaji da su ba. Buƙatar da suka fi maimaitawa ita ce a ba su ɗan lokaci su kaɗai da ƙwararren, saboda akwai abin da yarinya ba za ta faɗa a gaban mahaifinta ba.

Manya kuwa akan ba su ɗaya daga cikin hanyoyi uku. Akwai maganin gyaran tunani da ɗabi'a da Christopher Fairburn ya inganta a Oksfod, wanda kan ɗauki zama kusan 40, akwai hanyar da ake kira MANTRA ta Ulrike Schmidt da Janet Treasure, wadda ta ƙunshi littafin aiki da irin waɗancan wasiƙu na ƙawance da gaba, sai kuma wata hanya mai sauƙi da ta haɗa shawara kan abinci da sauraron duk abin da majinyaciya ta zo da shi. Ta ukun an tsara ta ne kawai don a auna wasu hanyoyi da ita a wani gwaji a Niyu Zilan, amma da sakamako ya fito a 2005 sai aka ga ta yi daidai ko ta zarce waɗanda ake ɗauka sun fi ta. Gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su fitar da zakara a cikin ukun ba, kuma hakan ya dace da abin da majinyata ke faɗi, domin idan aka tambaye su abin da ya taimaka ba sa cika ambaton sunan hanya. Suna ambaton mutum ne, wanda ya san dabarun cutar har ba a iya yi masa wayo, wanda ba ya razana ko fushi idan nauyi ya sauka, wanda ya tambayi karatunsu da burinsu, kuma ba a canza shi bayan wata uku ba. Hilde Bruch, likitar da ta rubuta The Golden Cage a 1978, ta daɗe da jan hankalin takwarorinta cewa waɗannan majinyata sun saba a riƙa faɗa musu abin da suke ji, saboda haka aikin likita shi ne ya taimaka musu su gano shi da kansu.

Warkewa tana ɗaukar lokaci, kuma komawar ciwo ta fi yawa a shekarar farko bayan sallama, lokacin da jiki ya cika amma tsoro bai tafi ba, mutane kuma suka ɗauka magana ta ƙare. Wani bincike na Asibitin Massachusetts da aka wallafa a 2017 ya bi sawun majinyata mata, ya samu kusan kashi 31 cikin ɗari sun warke bayan shekara tara, adadin kuma ya kai kusan kashi 63 bayan shekara 22, wanda hujja ce babba a kan masu yanke ƙauna da wuri.

Kusan duk wannan sani daga Turai da Amurka ya fito, amma cutar ba ta tsaya can ba. A wani bincike da aka wallafa a 2004, an duba ɗalibai mata 668 na sakandare a Ghana, aka samu goma da suka rame saboda hana kansu abinci, kuma sun bayyana hakan da kamun kai da ibada, babu wadda ta ambaci tsoron ƙiba. A ƙasar Hausa, inda cikar jiki alama ce ta jin daɗi, yarinyar da ke ramewa za a fi zaton tarin fuka ko gyambon ciki ko sammu ne ke damun ta, kuma likitan da tambayarsa ta tsaya a kan ko tana tsoron ƙiba zai iya sallamar ta bai ji dalilin da ya sa ta daina ci ba.