Majinar da ta ƙi tsayawa a hancin yaro

Da hunturu ya kama, asibitoci kan cika da yara masu yoyon hanci. Galibi mura ce, wadda ƙwayar bairos ke haddasawa, kuma ƙaramin yaro kan yi ta sau 6 zuwa 8 a shekara. Maganin kashe bakteriya da iyaye ke rugawa saye a kyamis ba ya taɓa bairos.

Ɗigon ruwan gishiri na hanci, yawan shan ruwa da nisantar hayaƙin itace su ne ke sauƙaƙa ta.

Idan ta wuce kwana 10, ko numfashin yaro ya yi sauri, sai asibiti. Majina mai wari daga ƙofar hanci ɗaya kuwa, sau da yawa wake ne ko gyaɗa yaron ya cusa. Likita ke cirewa, ba tsinke ba.