Masu ƙahon tagulla sun fito gaban dandali

A bikin kiɗan BBC Proms na 1999, a zauren Royal Albert Hall da ke Landan, mabushin nan ɗan ƙasar Suwidin, Håkan Hardenberger, ya gabatar da Aerial, kiɗan da HK Gruber na Austiriya ya tsara masa. Ya busa ƙahon tagulla, ya busa ƙahon saniya, a wani wurin ma yana busa yana rera sauti da maƙogwaro lokaci guda. Irin wannan sabon kiɗa ne manyan ƙungiyoyin makaɗa na Turai ke haɗawa a dare ɗaya da na su Brahms da Tchaikovsky, mutanen ƙarni na 19.

Tun asali ƙahon Turawa bututu ne kawai, kamar kakakin fadar sarakunanmu. Leɓen mabushi ke karkarwa a bakinsa, iskar ciki ta amsa, amma tsawon bututun ba ya canzawa, shi ya sa muryoyin da yake bayarwa ƙidayayyu ne. A 1818 wasu Jamusawa biyu, Heinrich Stölzel da Friedrich Blühmel, suka yi rajistar maɓallin da ake dannawa da yatsa. Da an danna, sai iska ta ratse ta wani ɗan lanƙwasasshen bututu, hanyarta ta ƙaru, murya ta yi ƙasa. Da maɓallai uku mabushi ya sami kowace murya. A 1835 aka yi rajistar tuba a Berlin, wato babban ƙahon nan mai kaurin amo.

Duk da haka, manyan masu tsara kiɗa na wancan zamani sun bar 'yan tagulla a sahun baya, sai an zo wurin tsawa a tashe su. Haydn ya yi wa ƙaho kiɗa na musamman tun 1796, amma Brahms da Tchaikovsky goge da fiyano suka fifita. Brahms ma tsohon ƙaho maras maɓalli ya fi so.

Wannan giɓi ne su Gruber da Harrison Birtwistle na Ingila suka zo suka cike. Wasu na ƙorafin cewa sabon kiɗan ya yi wa kunne tsauri. A ganina haɗa shi da tsohon kiɗa ya dace ƙwarai: sunan Tchaikovsky ke cika kujeru, kuma da kuɗin tikitin nan ne mai tsara kiɗa da ke raye yake samun masu sauraro.