Wane Ne Ya Rubuta Wasiƙun Bulus?

A majami'un Kawo da sauran unguwannin Kaduna inda ake sujada da Hausa, mai karatu yakan sanar da sunan Manzo Bulus kafin ya fara karanta wasiƙa, kamar yadda aka saba tun fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Sai dai masana sun fi ƙarni biyu suna muhawara kan wannan suna. Daga cikin littattafai 27 na Sabon Alkawari, 21 wasiƙu ne, 13 kuma suna ɗauke da sunan Bulus, amma bakwai kaɗai aka yi ittifaƙi a kansu, wato Romawa, Korintiyawa ta ɗaya da ta biyu, Galatiyawa, Filibiyawa, Tasalonikawa ta ɗaya da Filimon.

Inda saɓanin ya fi tsanani shi ne wasiƙu biyu zuwa ga Timoti da guda zuwa ga Titus. Bajamushe Friedrich Schleiermacher ne ya tayar da shakku kan Timoti ta ɗaya a 1807, sannan a 1921 P. N. Harrison ya ƙirga kalmomin Girkanci na ukun, ya nuna cewa fiye da sulusinsu ba su zo a sauran wasiƙun Bulus ba. Masu kare tsohuwar fahimta suna amsawa da cewa Bulus shifta yake yi wa magatakarda, tunda wani Tartiyus ya ambaci kansa a ƙarshen Romawa a matsayin wanda ya riƙe alƙalami, kuma sauyin magatakarda na iya sauya lafazi. Wannan amsa tana da ƙarfi, domin ƙidayar kalmomi kaɗai ba ta yanke hukunci.

Hujjar da ta fi wuyar turewa ta tauhidi ce, wato abin da wasiƙun ke koyarwa game da Allah da ceto. A Galatiyawa, bangaskiya dogara ce ga Almasihu wadda take kuɓutar da mutum ba tare da kaciya ko ayyukan Shari'ar Musa ba, a Tasalonikawa ta ɗaya kuwa marubucin yana sa ran dawowar Almasihu tun yana raye. A wasiƙun Timoti da Titus, bangaskiya ta koma amanar koyarwa da ake tsarewa a miƙa wa na baya, hankali kuma ya karkata ga sharuɗɗan naɗa dattawa da masu hidima. Wannan alama ce ta ikkilisiyar da ta zauna da gindinta, shi ya sa masana da yawa suke danganta su ga wani almajirin Bulus na ƙarshen ƙarni na ɗaya ko farkon na biyu.